Asma da ƙari a gaban mace: akwai alaƙa, ko haɗuwa ce kawai?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da amsa. Yayata ce, shekarunta 52, tana da asma tun tana budurwa. Kwanan nan tarin ya matsa mata, sai kuma ta fara jin wani abu kamar ƙululu a gabanta. In ta daɗe a tsaye ko ta yi tari sai ya leƙo, in ta kwanta ya koma. Kunya ta hana ta gaya wa kowa sai ni da wata ƙawarta. Ƙawar ta ce mata ai ƙari ne, kuma inhelar da take shaƙa ce ta jawo shi. Yanzu ta ajiye inhela gaba ɗaya, dare ya yi ba ta barci saboda numfashi. Da gaske ne asma ko maganinta na haifar da ƙari a farji?

Anti Rabi Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin mu shiga wata magana, ki kira ta yanzu ki ce ta ɗauki inhelarta. Abin da ke gabanta zai iya jiran ranar asibiti, numfashi kuwa ba ya jira. In ta kai ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko leɓenta ya sauya launi, ku wuce asibiti a daren nan.

Sannan yadda kika kwatanta abin, ya fito in an tsaya, ya koma in an kwanta, ya ƙaru da tari, ni bai yi min kama da ƙari ba. Ƙari yana nan daram inda yake, ba ya shiga yana fita. Wannan ya fi kama da saukowar mahaifa ko ta mafitsara. Amma ni daga nan ba na ganin komai, sai an duba ta.

Ummu Khalil:
Anti Rabi ki yi haƙuri, ni fa ban yarda a yi saurin wanke inhela ba. Na bincika a intanet na ga shafi guda da aka rubuta asma da ƙarin farji a tare, har da adadin matan da suka kai rahoto da irin magungunan da suke sha. In babu alaƙa me zai sa a haɗa su a shafi ɗaya? Kuma kowa ya san akwai sitiroid a cikin inhela. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yaya Bilki:
Ni dai tun ina yarinya nake shaƙa, na haihu na yaye, ban ga komai ba alhamdulillahi.

Ummu Khalil:
Yaya Bilki ai ke mutum ɗaya ce. Don bai same ki ba ba shi ke nuna bai sami wata ba.

Dakta Hauwa:
Ummu Khalil ta yi gaskiya a wannan gaɓar, labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, ko ta wane ɓangare. Amma shafin da kika gani shi ma ba hujja ba ne, bari in gaya miki yadda ake haɗa irinsu.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana da rumbu da kowa zai iya aika rahoto, likita ko mara lafiya ko kamfani, cewa wane yana shan magani kaza kuma abu kaza ya same shi. Ba a tantance ko maganin ne ya jawo, hukumar da kanta tana faɗin haka. Sai wasu shafuka su kwashi rahotannin, su sa kwamfuta ta riƙa haɗa cuta da cuta bibbiyu, tana fitar da dubban shafuka ba tare da wani likita ya duba ba. Ki gwada rubuta asma da duk cutar da ta zo miki a rai, da wuya ki rasa shafi.

Yanzu mu yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma sun kai miliyan 262 a 2019, wato kusan mutum ɗaya cikin 30 a duniya. Sankarar farji kuwa tana cikin mafi ƙaranci a sankarorin mata, sababbin da ake samu a shekara a duk duniya wajen 18,000 ne. To ko da babu wata alaƙa ko kaɗan, a cikin waɗannan matan ɗaruruwa za su kasance masu asma, don kawai asma ta yi yawa a cikin jama'a. Haka za a samu masu hawan jini da masu sa gilashi a cikinsu. Abin tambaya shi ne, masu asma sun fi sauran mata kamuwa? Ba a tabbatar da haka ba, kuma asma ba ta cikin jerin abubuwan da aka sani suna kawo wannan sankara.

Abubuwan da aka sani: ƙwayar cutar HPV da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda ke bayan kusan uku cikin huɗu na sankarar farji, musamman nau'i na 16, tsufa, don mafi yawan masu ita sun haura 60, shan taba, raunin garkuwar jiki, da kuma macen da aka taɓa samun sankara ko alamun farkonta a bakin mahaifarta.

Ummu Khalil:
To Dakta ai ke da bakinki kika ce cutar ba ta da yawa. Abin da ba shi da yawa ta yaya za a gane me ke kawo shi? Wataƙila alaƙar na nan ba a dai lura ba ne.

Dakta Hauwa:
Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin tarihin wannan cutar kanta. Akwai wani magani, DES, sinadari ne mai aiki irin na estrojin, wato sinadarin jikin mace, da aka haɗa a Ingila a 1938. Aka riƙa bai wa masu ciki shi don hana ɓari, duk da cewa wani gwaji a Chicago a 1953 ya nuna ba ya hana komai. Tsakanin 1966 da 1969 likitoci a Boston suka ga 'yan mata masu shekaru 15 zuwa 22 da wani nau'in sankarar farji da a da sai a jikin tsofaffi ake ganinsa, shi ma ba kasafai ba. Su takwas ne kacal a binciken. Arthur Herbst da abokan aikinsa suka bi tarihin iyayensu mata, sai ga bakwai cikin takwas sun sha DES lokacin da suke ɗauke da cikin 'ya'yan. Aka wallafa a 1971, a shekarar kuma FDA ta gargaɗi likitoci su daina bai wa masu ciki. Daga baya aka ƙiyasta kusan ɗaya cikin 1,000 na 'ya'ya matan da aka haifa a haka ke kamuwa.

Kin ga, ƙarancin cutar shi ya sa aka gano da wuri. Mutum takwas sun isa su tayar da hankalin likitoci. Inhela mai sitiroid kuwa tun farkon shekarun 1970 ake amfani da ita, miliyoyin mata sun shafe shekaru hamsin suna shaƙa. Da tana yin irin abin da DES ya yi, da tuni ɗakunan likitocin mata sun shaida.

Malam Sani Famasi:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki a maganar sitiroid, don a nan ne ake cakuɗa abubuwa.

Inhela iri biyu ce a hannun yawancin mutane. Akwai mai buɗe hanyar numfashi nan take, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗiya. Babu sitiroid a cikinta ko ɗigo. Sai ta kariya, wadda ake shaƙa kullum, irin su beklometason da budesonayid da fulutikason. Ita ce mai sitiroid, amma awonta da maikurogiram ake yi, wato ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma huhu take nufa kai tsaye, abin da ke shiga jini kaɗan ne. Illarta da muka fi gani ita ce farin ƙuraje a baki da dushewar murya, shi ya sa muke cewa in an shaƙa a kuskure baki a tofar, kada a haɗiye.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne sitiroid na haɗiya, firednisolon da deksametason, in an daɗe ana sha. Na kwana biyar ko bakwai da likita ke rubutawa lokacin da asma ta tashi, ba shi nake nufi ba. Ina nufin wanda mutum ya mai da shi abin kullum wata da watanni, sau da yawa ba da sanin likita ba, don ya ga yana ba shi sauƙi. Shi ne ke hawar da sukari, ya raunana ƙashi, ya kumbura fuska, ya kuma danne garkuwar jiki. Kuma abin haushin, wadda ta jefar da inhelar kariya ita ce za ta ƙare da shan na haɗiya akai-akai, don asmar za ta riƙa tashi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ummu Khalil:
Yauwa! Malam Sani ka zo wurin. Ya danne garkuwar jiki, Dakta kuma ta ce raunin garkuwa na kawo sankarar. Ashe dai akwai alaƙa.

Dakta Hauwa:
Akwai hanya, amma mai nisa ce, kuma ba ta inhela ta bi ba. Yawancin matan da suka kamu da HPV jikinsu na kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da sun ma sani ba. Wadda garkuwarta ta yi rauni sosai ce ƙwayar ke daɗewa a jikinta har ta fara sauya ƙwayoyin halitta. An fi ganin haka a wurin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna shan magungunan danne garkuwa, da masu ɗauke da HIV, waɗanda haɗarin sankarar bakin mahaifa a wurinsu ya ninka na sauran mata har sau shida. Mace mai asma mai tsanani da ta shekara da shekaru a kan sitiroid na haɗiya, ni zan fi sa mata ido wajen gwajin bakin mahaifa, wannan gaskiya ne. Amma ko a nan, HPV ce mai laifi, in babu ita babu abin da garkuwar za ta gaza kawarwa.

Tunda kina son a bi diddigi, ga wani misali daga cikin magungunan asma. Allurar Xolair, wadda aka amince da ita a Amurka a 2003 don asma mai tsanani, a gwajin farko an ga sankara a jikin kashi 0.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa, a rukunin da ba a yi wa ba kuma kashi 0.2. Ba a share zancen ba, aka rubuta shi a takardar maganin, aka kuma bi mutum sama da 7,000 har tsawon shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2014 bai nuna ƙarin haɗari ba. Ina kawo wannan ne don a san ana bibiyar magungunan asma a kan zancen sankara, ba a rufe ido aka yi ba.

Hajiya Talatu:
Ku yara kun tafi Amurka kun bar baiwar Allah da ƙululunta. Rabi, ki dawo kan abin da kika fara faɗa, shi ne ya fi damun irinmu.

Anti Rabi Ungozoma:
Allah ya ƙara girma Hajiya, na dawo. In ma akwai alaƙa ta kusa tsakanin asma da abin da mace ke ji a gabanta, to ita ce wannan, kuma ba sankara ba ce.

A ƙasan ƙugun mace akwai tsokoki da jijiyoyi da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Haihuwa tana sassauta su, musamman in an yi ta da yawa ko naƙuda ta daɗe. In al'ada ta ɗauke, estrojin ya ragu, sai su ƙara laushi. To duk tari ɗaya matsi ne daga sama zuwa ƙasa. Ki ɗora tafin hannunki a ƙasan cibiya ki yi tari da ƙarfi, za ki ji yadda cikin ke tunkuɗo hannun. Wannan tunkuɗar ita ke sauka a kan tsokokin, dare da rana, shekara da shekaru. A hankali sai mafitsara ta jingino bangon gaba na farji, ko mahaifa ta zazzago. Mace ta ji nauyi, ta ji kamar tana zaune a kan ƙwallo, da yamma ya fi da safe. Wata fitsari ya riƙa zubo mata in ta yi tari ko dariya, wata kuma ta yi fitsarin ta ji bai ƙare ba.

Kin ga ke nan ajiye inhela ƙara wa abin ƙarfi ne, don tarin ne ke tura shi. Kuma yana da magani. Akwai motsa tsokokin ƙasan ƙugu: ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ki ƙirga zuwa biyar ko goma, ki saki, ba tare da riƙe numfashi ba, ana maimaitawa kullum har wata uku kafin a yanke hukunci. Akwai zoben roba da likita ke sawa ya tallafe. In ya yi nisa akwai tiyata. A guji taurin bayan gida da ɗaukar kaya masu nauyi.

Maman Iman:
Wallahi Anti maganar fitsarin nan haka take, ta taɓa gaya min. To tunda ba ƙari ba ne, ko ta fara motsa jikin kawai? Asibitin ne ba ta so, tana jin nauyin a buɗe ta.

Dakta Hauwa:
A'a Maman Iman, a nan zan tsaya kai da fata. Babu wanda ya ce ba ƙari ba ne, cewa aka yi bai yi kama da shi ba. Ni ma na fi zaton abin da Anti Rabi ta faɗa, amma zato ne. Kuma mace na iya samun biyun a tare.

Abubuwan da ke fitowa a wurin suna da yawa. Akwai jakar ruwa da ake haihuwar mace da tushenta a bangon farji, akwai wadda ke fitowa a inda aka yi ɗinki bayan haihuwa, akwai kumburin da ke tasowa a gefen ƙofar in hanyar wani ɗan maɓuɓɓugar ruwa ta toshe, akwai tsiron nama mara illa. Duk waɗannan ba sankara ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, in aka sami sankara a farji, sau da yawa ba a nan ta fara ba, daga bakin mahaifa ko cikin mahaifa ta gangaro. Sankarar bakin mahaifa ita ce mai yawan, wajen mata 660,000 a 2022, ta kashe kusan 350,000. Yatsa ba ya bambance waɗannan, hoto a waya ma ba ya yi.

Ki tambaye ta waɗannan a hankali. Tana ganin jini bayan saduwa? In al'adarta ta ɗauke, jini ya dawo ko da ɗigo ne? Akwai ruwa mai wari ko mai sirkin jini? Ciwon mara da ba ya tafiya? Ramewa? In ɗaya daga ciki ya tabbata, a wannan makon za ta je, ba wata mai zuwa ba.

Dubawar kanta ba ta kai yadda ake tsoro ba. Za ta kwanta a rufe ta da zane, a sa ɗan abin buɗewa mai santsi, a haska fitila, a ce ta yi tari ko ta yi yunƙuri a ga abin da ke saukowa. 'Yan mintuna ne. Tana da damar neman mace ta duba ta, tana da damar ki tsaya kusa da ita. In an ga abin da ba a gamsu da shi ba, a ɗan tsinki nama kaɗan a kai ɗakin gwaji. Kafin nan kada ta tura komai ciki da sunan magani.

Abu na ƙarshe, tarin nan da ya sauya. Ta gaya wa likita. Yawanci asmar ce ta ƙwace, amma ba kowane tari da shessheƙa ne asma ba, ko a jikin mai asma. A sa mata abin sauraro a ƙirji, in da hali a ɗauki hoto.

Yaya Bilki:
Dakta tunda ana maganar asma da jikin mata, ni tawa tana tashi ne dab da al'ada. Na daɗe ina cewa haka ana min kallon mai ƙirƙira.

Dakta Hauwa:
Ba ƙirƙira ba ce Yaya Bilki, sananne ne. Sinadaran jikin mace suna taɓa asma. A yarinta maza sun fi yawa a masu ita, bayan balaga mata su wuce su, kuma wasu matan tana tsananta musu kwanaki kaɗan kafin jini ya zo. Ki riƙa rubuta ranakun na 'yan watanni ki nuna wa likitanki, yana iya gyara miki tsarin maganin kariya. Ki kuma duba abin da kike sha don ciwon mara a waɗannan kwanakin.

Malam Sani Famasi:
Dakta ta riga ni. Wasu masu asma, ba duka ba, asfirin da ibuprofen da diklofenak suna tayar musu da ita, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu da sha. Sai mace ta sha don ciwon mara ta ɗora wa al'ada laifi. Wannan ya shafi yayar Maman Iman ma: in za a tsinki nama ko a yi mata tiyata, ta faɗa tun farko cewa tana da asma, ta tafi da inhelarta, don mai ba da maganin barci ya shirya, a kuma zaɓa mata maganin ciwo da ya dace. Parasitamol ya fi zama lafiya ga yawancinsu.

Sannan duk wadda ke ƙarar da shuɗiyar inhela uku ko fiye a shekara, asmarta ba ta kwanta ba. Tun 2019 ƙa'idojin GINA, ƙungiyar duniya mai tsara yadda ake kula da asma, suka daina ba da shawarar manya su dogara da ita kaɗai.

Ummu Khalil:
Ni har yanzu raina bai gama kwanciya da shan magani kullum ba, ko wane iri ne. Amma na ji bayanin DES ɗin, ya shige ni. Taba fa, Dakta? Kin ambace ta kin wuce.

Dakta Hauwa:
Ita ce abu ɗaya da ke cin ɓangarorin biyu kai tsaye. Hayaƙin yana tayar da asma, yana rage wa inhelar kariya ƙarfi, kuma ana samun sinadaran taba a ruwan bakin mahaifar masu sha, inda suke taimaka wa HPV ta zauna. Shisha ma taba ce. Mai asma ko hayaƙin wani a ɗaki ɗaya ya ishe ta.

Hajiya Talatu:
Jikata tana da asma, shekararta 11. Uwarta ta ƙi a yi mata rigakafin HPV ɗin nan wai kada ya tayar mata da numfashi. Me za ku ce?

Dakta Hauwa:
Hajiya ku gaya wa mahaifiyarta asma ba ta hana wannan allurar. Tun 2006 ake yin ta, kuma shekarun jikarku su ne daidai, 9 zuwa 14, kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko allura ɗaya tana ba da kariya mai ƙarfi ga masu wannan shekarun. Wadda ake hanawa ita ce wadda jikinta ya taɓa yin mummunan bore ga allurar ko wani sinadarin cikinta. In ranar tana cikin tashin asma ko zazzaɓi mai zafi, a bari ta warware tukuna. Ku je da inhelarta, in an yi mata ta zauna minti 15 kafin ku tashi, don wasu 'yan matan jiri na ɗibarsu bayan allura.